Ramin Da Ya Ƙi Fitowa

"Baba, ramin nan da ya ƙi fitowa, har yanzu yana kwance a ƙarƙashin ƙasa?"

'Yata Chelo ce ta yi tambayar, bakinta cike da wake. Ranar Lahadi ce bayan an taso daga coci, muna zaune mu huɗu a tebur: ni, da ita, da mijina Eloy, da tsoho Pruitt ubangidansa, wanda tun da matarsa ta rasu ya mayar da girkina na Lahadi tamkar nasa. Shekarunta biyar a lokacin, kuma duk abin da ya shiga kunnenta ba ya kwana bai fito ta baki ba.

Cokalin Eloy ya tsaya tsakanin kwano da baki.

"Wane rami, 'yar baba?"

"Wanda ka gaya wa Mista Pruitt a gareji mana. Ka ce ka binne shi da hannunka, aka danna, ya ƙi fitowa. Shi kuma ya ce ka ja bakinka ka yi shiru."

Pruitt ya kwashe da dariya, irin wadda ake yi da ƙarfi don a danne wani abu. Ya miƙa hannu ya ja mata kumatu.

"Kai, wannan yarinya! Eloy, ai kunnuwan jaki ka haifa. Misis Baca, ƙaro mini miyar barkonon nan, yau ta yi zafi yadda nake so."

Na ƙara masa. Amma ba tsohon nake kallo ba, mijina nake kallo, shi kuwa ya ƙura wa gishiri ido kamar yau ya fara ganinsa. Shekara bakwai ina auren mai fasa dutse. Na san abin da ake binnewa da hannu a danna.

A daminar nan ta 1967 ne mutanen ofishin nazarin duwatsu suka ba Pruitt wani aiki da duk garin ya sha dariyarsa da farko. Kumbo ya ɗauko hoton wani yanki na duniyar wata, kusa da inda ake sa ran 'yan sama jannati za su sauka. Sai aka ce a gina irinsa a filin baƙar tsakuwa da ke bayan unguwarmu, rami da rami, kowanne a gurbinsa da girmansa, don mutanen su koyi tafiya a ciki kafin su je na gaskiya. Eloy ya zo da hoton gida, na manna wa Chelo a bangon ɗakinta.

Ba da shebur ake tona irin waɗannan ramuka ba. A kowane gurbi sai a binne takin zamani da aka jiƙa da man dizal, a cusa sandar nakiya a ciki, a ja waya, a kafa fegi mai ƙyalle. Kuma ba a tayar da su lokaci ɗaya. Tashi uku ake yi: tsofaffin ramuka tukuna, sai matsakaita, sai sababbi, don ƙasar da sabon rami ya watso ta faɗa a kan tsoho, yadda abin yake a can sama. Ranar da aka tayar, mu mata mun tsaya a bayan shinge da yara a hannu. Ƙasa ta tashi baƙi ƙirin har ta rufe dutsen gabas, tagogin cocinmu suka yi ta kaɗawa, karnuka suka shige ƙarƙashin motoci. Da ƙura ta lafa, Eloy ne ya shiga filin shi kaɗai, domin haka al'adar aikin take: wanda ya danna shi ke fara takawa. Ya zagaya, ya fito, ya ɗaga koriyar tuta. Mutane suka yi ta tafi. Ni ma na tafa, har tafin hannuna ya yi ja.

Da Pruitt ya share kwanonsa ya tafi, na tura Chelo gidan maƙwabciyarmu Lupe, na rufe ƙofar kicin.

"To, ina jinka."

"Nelda, maganar aiki ce."

"Ta zama maganar gida tun da ta fito daga bakin 'yarka. Zauna."

Ya zauna. Ya ce in ɗauko hoton, na ɓamɓaro shi daga bango na shimfiɗa a tebur. Ya ɗora yatsa a kan ramin da ya fi kowanne girma, wanda ma'aikata suka laƙaba wa Tukunya. Bakinsa a ɗage yake, mai kaifi, ga manyan duwatsu zube a kudancinsa, ga ziri-zirin farar ƙasa sun fita daga jikinsa ta ko'ina. A gefen bakinsa na arewa kuma akwai wani ɗan mitsitsin rami, kamar tawadar Allah a leɓen mutum.

"Wannan ƙaramin," ya ce, "na tashi na uku ne. Tukunya na biyu. Da Tukunya ya tashi, ƙasar da ya watso ta binne fegin, ina jin kuma dutse ya tsinke wayar. Tashi na uku ramuka da yawa ne a bugu ɗaya, babu kunnen da zai iya ƙirga su. Da na shiga, na zo wurin, babu rami. Shafe yake kamar ba a taɓa taɓa shi ba."

"Ka kuma ɗaga tuta."

"Kowa na kallona, Nelda. Ga manya sun zo daga nesa, ga masu hoto. Na ce bari in fara gaya wa tsoho, mu dawo mu gyara a natse."

"Me tsohon ya ce?"

"Wai ruwan sama zai jiƙa takin, kafin sanyi ya mutu."

"Haka ne?"

Ya yi shiru. Wannan shi ne abin da nake so game da Eloy, shi ne kuma abin da ke ba ni haushi: bai iya yi mini ƙarya ba, sai dai ya yi shiru.

"Taki zai mutu," ya ce daga baya. "Sandar ba ta mutuwa da wuri. Ɗan ƙarfen da ke tayar da ita ma haka."

"In an taka wurin fa?"

"Taku ba ya tayar da ita, tana da zurfi. Sai in an tona, ko tsawa ta faɗa kusa, ko wani ya ga kan wayar ya ja."

Na duba hannuna. A wuyan hannuna akwai awarwaro na jar waya da rawaya, Chelo ta kitsa mini. Duk 'ya'yan masu fasa dutse haka suke, iyayensu na kawo musu guntayen wayar da ta gama aiki, su kuma suna kitsa zobe da sarƙa. Yaro a unguwarmu in ya hango launin waya a ƙasa, kafin ka buɗe baki ya durƙusa yana ja.

"Me ya hana a tone ta?"

Nan ya gaya mini sauran. Dakta Haskell, masanin duwatsun da ke riƙe da filin, ya zagaye Tukunya da igiya. Ba mai taka ƙasar da ramin ya watso. Kowane dutse sai an auna inda ya faɗi, kowane ziri sai an zana, domin da shi za a koya wa 'yan sama jannati yadda ake gane wane rami ya girmi wane. Wani ma'aikaci da hularsa ta faɗa ciki ya tsallaka ya ɗauko, a ranar aka sallame shi. In kuwa aka ce akwai nakiya a ciki, to, aikin wata biyu ya lalace, Pruitt ya rasa kwangila, shi Eloy da ya ɗaga tuta ya rasa lasin.

"Sista Bernarda za ta kai ajin su Chelo kallon filin ranar Juma'a," na ce. "Ka san ta wane gefe ake tsayar da baƙi?"

Ya sani. Ta arewa ne, inda hanya ta ƙare.

"Sai ki hana ta zuwa," ya ce a hankali.

"Na hana ta Juma'a. Asabar fa? Shingen nan akuya ma ba ya tsarewa. Kuma kai ka san da ƙanƙara ta sauko, igiyar nan an kwance ta, yaran unguwar nan kaf suna can da tsohuwar taya suna sulu cikin ramukan. Zan ɗaure ta a ƙafar gado har ta yi aure? 'Ya'yan Lupe kuma wa zai ɗaure su?"

Na mayar da hoton bango, na wanke kwanuka.

Washegari na sa rigar zuwa coci, na tuƙa akori-kurar Eloy zuwa filin. A bakinsa akwai wata tirela da suka mayar ofis. Na samu Dakta Haskell a ciki, dogo siriri, wuyansa duk rana ta ƙone shi, yana cin burodi a kan taswira. Mutumin kirki ne, ba zan ce ba haka ba. Ya miƙe ya ba ni kujerarsa, ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Sannan ya leƙa ƙofa ya sa aka kira Pruitt da Eloy.

Pruitt ya shigo yana goge hannu da tsumma. Da ya gan ni ya washe baki.

"A'a, Misis Baca! Ragowar miyar kika kawo mana?"

Haskell ya maimaita masa abin da na faɗa. Tsohon ya girgiza kai, kamar mai tausayi.

"Dakta, wannan ɗan ramin ai tun farko na cire shi. Ya yi kusa da babban, na ga ba zai yiwu ba. Ba a binne komai a wurin ba. Yarinyarsu ce ta ji rabin magana ta kai gida, ka san mata da yara, kafin ka ce me an dafa an zuba."

"Mista Pruitt," na ce, "shekara biyu kana cin wakena. Ka dube ni ka sake faɗa."

Bai dube ni ba. Ya juya wajen Haskell.

"Shekara talatin ina wannan aiki, ga yatsuna goma, ƙirga."

Haskell ya dubi mijina. "Eloy, me ka ce?"

Eloy na tsaye a bakin ƙofa, hula a hannu. Pruitt ne ya ɗauke shi aiki yana ɗan shekara sha bakwai, shi ya koya masa riƙe sanda, shi ya tsaya masa ranar aurenmu a madadin uban da ba shi da shi. Eloy ya dubi takalminsa.

"Ba zan iya rantsewa ba," ya ce.

Haskell ya sauke numfashi. Ya ce mini ya fahimci damuwata, shi ma yana da 'ya'ya. Ya ce zai sa a ja igiyar baya ta gefen arewa, kuma da zarar baƙin da ake jira, wato 'yan sama jannatin, sun zo sun gama a ƙarshen kaka, zai sa a bincika wurin da kyau. Ya nuna mini filin ta taga.

"Misis Baca, ki duba. Babu irin wannan ƙasa a duniya, sai can sama. Sawu ɗaya in ya shiga, ba ya gyaruwa. Ba zan tone ta a kan jita-jita ba."

Na gode masa, na fito. A hanya ina tuƙi ina juya maganarsa. Ban ga laifinsa ba. Mutum biyu da suka san aikin, ɗaya ya ce babu, ɗaya ya ce bai sani ba. Amma na riƙe abu ɗaya da ya faɗa. Ba za a taɓa wurin ba saboda wurin yana da kyau. To, in ya daina kyau fa?

Da yamma Eloy ya dawo ya same ni a bayan gida ina kwashe shanya. Ya tsaya yana murza hula. Ban yi masa faɗa ba, faɗa ba zai fito da sandar ba.

"In tambaye ka wani abu?" na ce.

"Tambayi."

"Manjagarar gora tana fitar da tartsatsi in ta goga dutse?"

Ya daɗe yana kallona. Manjagarar na jingine da bango, wadda nake share ganye da ita.

"Ba ta fitarwa."

"To."

Na ci gaba da naɗe zanin gado. Ya juya zai shiga ɗaki, sai ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Akwai wani farin dutse mai kama da sirdi a gefen bakin, ta arewa. Kada wanda ya matsa kusa da shi. A bar tsawon mota tsakani. In kuma hadari ya taso, a fita."

"Na ji."

Da safe na kitsa wa Chelo gashi, na ba ta madara da burodi, na kai ta wurin Lupe. Na ce mata in ban dawo da rana ba ta ba ta abinci. Lupe ta dubi manjagarar, ta dubi takalmin aikin Eloy da na zura a ƙafa.

"Ke kuma ina za ki da wannan shiri? Ko watan za ki share?"

"Shi kuwa."

Ta yi dariya har tana riƙe ƙofa. Ta ɗauka wasa nake.

Sararin sama tas yake, ko ɗigon gajimare babu. Na bi ta ɓarakar shingen da yara ke bi, don in tabbatar wa kaina cewa ana bi. Ma'aikata ba su gama shan kofi a tirela ba. Na isa igiyar, na ɗaga ta, na shiga.

Ban taɓa ganin Tukunya a kusa ba sai ranar. Daga nesa rami ne kawai. A kusa sai ka ga bakinsa ya taso ya kai mini ƙugu, ciki kuma ya gangara santal kamar an shafe shi da hannu, har yanzu inuwar safiya na kwance a gindinsa. Ƙarƙashin baƙar tsakuwar ashe akwai farar laka, ita nakiya ta kwaso ta watsa a sama. Abin da ke can ƙasa shi ya dawo kan baki, na sama kuma ya tafi nesa. Zirin sun fita ta kowane gefe, masu kauri a gindi, suna sirancewa har su ɓace cikin baƙi. Kowane ɗan dutse na zaune a cikin ɗan gurbin da ya yi wa kansa lokacin da ya faɗo. Ko sawun tsuntsu babu. Na tsaya ina kallo, na gane abin da Haskell yake karewa, kuma Allah ya sani sai da na ji tausayinsa.

Na nemi farin dutsen, na gan shi. Na auna tsawon mota da ido, na ƙara rabi. Sannan na kafa manjagara a kan zirin da ya fi kowanne tsawo, na ja.

Tsakuwar na da nauyi, tana ƙara kamar ana tauna ƙanƙara. Fari ya shige cikin baƙi, ya zama toka-toka. Na ja, na matsa, na ja. Na bi zirin har ƙarshensa, na dawo na kama na kusa da shi. Duwatsun da aka ɗiga wa lamba da fenti na tattara su gefe guda, yadda nake tara ganye. Ban yi sauri ba. Na yi shi yadda nake kowane aiki, layi-layi, ba na barin tsakani.

Na kai ziri na uku ne na ji ihu.

"Ke! Ke! Fita daga nan!"

Suka taho a guje, Haskell a gaba, kofinsa a hannu bai ma san yana riƙe da shi ba. Suka iso igiyar. Sai duk suka tsaya cak. Maza shida, ƙarti, ga ni a gabansu ba nisa, amma wata biyu ana horar da ƙafafunsu kada su tsallaka igiyar nan, suka kasa. Suka jeru a bayanta suna ɗaga hannuwa.

"Misis Baca, don Allah!" in ji Haskell. "Don Allah ki tsaya inda kike. Kada ki ƙara taku ɗaya."

"Dakta, ina kwana," na ce, ina ja.

"Kin san abin da kike yi kuwa? Ba mu gama auna gefen nan ba!"

"Na sani. Gefen arewa kawai zan yi. In na gama, babu sauran abin da za a ɓata, sai ku tona hankali kwance."

Wani daga cikin ma'aikatan, mai suna Dwayne, ya ce, "Eloy, matarka ce fa! Ka ce mata gidana ma yana bukatar shara." Wasu suka ƙyalƙyale, Pruitt ya daka musu tsawa.

"Matar nan ta haukace! A kira ɗan sanda! Eloy, je ka fito da matarka ko in fito da ita da kaina!"

"Shigo mana, Mista Pruitt," na ce. "Zo ka tsaya a kan farin dutsen can, in ba ka shebur. Ai ka ce ba komai a ƙasa."

Bai shigo ba. Na ga Haskell ya juya ya dube shi, ya daɗe yana dubansa.

Eloy ne ya ɗaga igiyar. Bai yi gudu ba. Ya tako a kan ƙasar da ban kai ga sharewa ba, takalminsa na barin manyan sawu, har ya iso gabana. Ya kama manjagarar. Na riƙe, ban saki ba.

"Ya isa, Neldita," ya ce, da sunan da yake lallashina da shi, yadda ni kaɗai zan ji. "Hannunki ya fashe."

Na duba, ashe kuwa ya fashe. Na sakar masa.

Ya juya wajen igiya, ya nuna farin dutsen da bakin manjagara, ya ɗaga murya.

"Dakta, tana nan. Gab da dutsen nan, ta yamma. Ni na binne ta da hannuna, buhu ɗaya da sanda ɗaya. Ba ta tashi ba. Na gani tun ranar, na kuma ɗaga tuta."

"Eloy!" in ji Pruitt.

"Ka yi haƙuri, tsoho."

Haskell ya zubar da sauran kofin a ƙasa. Ya ce kowa ya ja baya, a rufe hanya, a yi wa makaranta waya a ce babu zuwa ranar Juma'a. Ko inda nake bai duba ba.

Ba su tone ta ba. Eloy ya ce tonon ya fi haɗari. Da la'asar ya shiga shi kaɗai da ƙaramar sanda ɗaya, ya kwantar da ita a ɗan gurbi kusa da wurin, ya ja sabuwar waya har bayan tirela. Ina tsaye bayan shinge, hannuna naɗe da tsumma. Pruitt na gefe yana gaya wa duk mai saurare cewa za a ji ɗan tus kamar na kwalbar lemo, shi ke nan.

Eloy ya yi kiran gargaɗi, ya danna.

Ƙasa ta buga mini a tafin ƙafa kafin ƙarar ta iso. Baƙin turnuƙu ya tashi ya fi tsawon itatuwa, duwatsu suka yi ta zubowa a kan rufin tirela. Wani dutse mai girman kan jariri ya faɗo daidai inda hanya ta ƙare, inda ake tsayar da baƙi. Na daɗe ina kallon dutsen nan. Da ƙura ta lafa, ga ɗan ramin a leɓen Tukunya, sabo fil, ya cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na bakin, ƙasarsa ta rufe duk inda na share.

Pruitt ya shiga motarsa ya tafi bai yi wa kowa sallama ba. Bai sake zama a teburina ba, kuma har yanzu ranar Lahadi nakan zuba wake fiye da yadda za mu iya ci.

An karɓe lasin Eloy. Yanzu yana injin tsaga katako, yana dawowa da ƙaiƙayin itace a gashi, kuma ba ya son a yi maganar filin. Kwanaki ya yi ba ya haɗa ido da ni, ban kuma matsa masa ba. Chelo ta yi fushi da aka fasa tafiyar makaranta, ta ƙi cin abinci har sai da Lupe ta yi mata alkawarin alewa. Ni kuwa 'yan sanda sun zo sun yi mini tambayoyi a tsaye a bakin ƙofa, suka tafi. Baƙin da ake jira sun zo a ƙarshen kaka, sun yi yawonsu a cikin fararen kaya, an ce sun ji daɗin filin.

Da na ɗauka magana ta ƙare. Sai wata Asabar muna gyaran rufin akurkin kaji, ina miƙa wa Eloy ƙusa, na ce masa aƙalla yanzu hankalina ya kwanta, ko Chelo ta bi yara can ba komai.

Ya ajiye guduma.

"Nawa gefen kawai na sani, Nelda. Mu huɗu muka yi binnewar, kowa da gefensa. Na gane wannan ne don hannuna ya san wurin. Na sauran ban san gurbinsu ba, kuma manyan ramuka ba Tukunya kaɗai ba ne."

"Ka gaya wa Haskell?"

"Na gaya masa. Sun bi da na'ura, sun ce ba su ga komai ba. Amma tsakuwar nan ƙarfe gare ta, na'urar kuka take yi ko'ina."

Saboda haka na zauna na rubuta wannan. Masu duwatsu sun kwashe kayansu, an kwance igiya, filin yana nan a buɗe, ana ta zuwa kallo daga garuruwa. Ban ce akwai wata sandar a ƙasa ba, ban sani ba, mijina ma bai sani ba, kuma babu wanda ya sani. In hanya ta biyo da ke ta nan, ki tsaya ki kalla, wurin ya isa kallo. Amma ki riƙe hannun ɗanki gam, ki bar masa bokitinsa da sheburinsa a mota. Kada ki bar shi ya tona ko da zurfin yatsa ne, ko zai yi kukan da zai tara miki jama'a.